Me ya sa hannu ke sagewa tun kafin a fara haki? Yadda ake auna ƙarfin da dantse ke ci da kuma gajiyarsa

Mutumin da zai iya takawa a ƙasa daga hantsi har azahar bai zauna ba, ka miƙa masa buroshi ka ce ya shafa wa silin fenti. Kafin minti 5 za ka ga yana sauke hannu yana yarfewa. Numfashinsa lafiya lau, ƙafafunsa ba su ce komai ba, amma kafaɗa ta ɗauki zafi, dantse ya sage. Duk wadda ta taɓa riƙe taɓarya ta san wannan, haka ma wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai zurfi. Hannu ne ke fara neman hutu, sauran jiki kuwa da sauransa.

Tambayoyi biyu ne a ƙunshe a nan, kuma mutane sukan cuɗa su. Ta farko: ƙarfi nawa jiki ya ƙone wajen wannan aiki? Ta biyu: me ya sa hannun ya kasa? Kamar mota ce, man da ta sha daban, dalilin da ya sa ta tsaya a hanya daban. A aikin ƙafa amsoshin biyu sukan yi tafiya tare, wanda ya ƙone da yawa shi ne ya gaji. A aikin hannu sukan rabu, har mutum ya gaji tiɓis alhali abin da ya ƙone bai taka kara ya karya ba.

Mu fara da ta farko. Babu wata mita da za a ɗaura wa tsoka ta nuna abin da take ci, kamar yadda ake ɗaura wa gida mitar wuta. Sai dai a bi ta bayan gida. Tsoka tana ƙona abinci ne da iskar oksijin, saboda haka idan aka san oksijin da ya shiga jiki bai fito ba, an san abin da aka ƙone. Lita 1 ta oksijin tana daidai da kalori kusan 5, irin kalorin da ake rubutawa a bayan kwalin abinci. Idan kuma aka auna iskar kabon da ke fita aka gwada ta da oksijin da ya shiga, har irin abincin da ake ƙonawa za a gane. In kabon ya kai kashi 7 cikin 10 na oksijin, kitse ne ke ci. In sun yi kunnen doki, sitaci ne.

Dabarar ta tsufa. Wajen 1790, a Faransa, masanin sinadarai Antoine Lavoisier ya sa wa abokin aikinsa Armand Séguin wani takunkumi a fuska, ya auna iskar da yake sha yana zaune, sannan ya sake aunawa yana aiki. Aikin da ya ba shi kuwa shi ne taka wani feda da ƙafa. Wannan ɗan abu yana da muhimmanci a wurina, domin tun daga ranar farko ƙafa aka auna, kuma haka aka ci gaba. A 1911 Claude Douglas na jami'ar Okasfod ya fito da wata babbar jaka da ake tara numfashin mutum a ciki a kai ɗakin gwaji, wadda har yau ake kira da sunansa. Yanzu akwai ƙananan na'urori da ake goyawa a baya, suna lissafa kowane numfashi nan take. Amma yawancin teburan lissafi da ƙa'idojin da aka gina da waɗannan kayan, a kan tafiya da gudu da tuƙa keke aka gina su.

Da aka zo auna hannu, sai aka ɗauko keken gwaji aka juya shi. An kafa fedojin a kan tebur ko a jikin bango, daidai tsayin kafaɗa, mutum ya zauna yana murza su da hannu, sau 50 zuwa 70 a minti. Ana iya ƙara wa fedan nauyi, kuma na'urar tana nuna aikin da ake yi da wat, ma'aunin nan da muka sani a jikin ƙwan lantarki. A gwajin ƙafa akan ƙara wat 25 ko 30 a kowane mataki. A na hannu sai an bi a hankali, wajen wat 10, in ba haka ba gwajin zai ƙare kafin a koyi komai.

Abu na farko da aka gani shi ne hannu mai tsada ne. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka tana da lissafin da masu horarwa ke amfani da shi, kuma a cikinsa kowane ma'aunin aiki ɗaya yana cin mililita 1.8 na oksijin in da ƙafa aka yi shi, amma mililita 3 in da hannu ne. Ɗauki mutum mai nauyin kilo 70 da ke fitar da wat 100. A kan keke zai sha oksijin wajen lita 1.6 a minti, wato kalori 8. Da hannu kuwa sai ya sha wajen lita 2.1, kalori 10 da ɗan ɗoriya. Aiki iri ɗaya, farashi daban. Kuma wat 100 da ƙafa abu ne da mai matsakaicin lafiya zai daɗe yana yi yana hira, amma da hannu ya kusa ƙure wanda bai saba ba.

Ina ƙarin yake tafiya? Wani ɓangare yana tafiya ne ga tsokokin da ba sa murza komai. Mai tuƙa keke yana zaune daram, nauyinsa na kan sirdi, ƙafafu na ta aikinsu. Mai murza feda da hannu kuwa sai ya ƙanƙame gangar jikinsa don kada ya riƙa tangaɗi. Tsokokin ciki da na baya da na wuya da masu riƙe allon kafaɗa duk sun ɗaure, yatsu sun damƙe mariƙi. Dukansu suna cin oksijin, amma ko wat ɗaya ba ya bayyana a allon na'ura da sunansu. Yayin da nauyi ke ƙaruwa, wannan ɓoyayyen aiki yana ƙaruwa fiye da kima.

A nan ne kuma raunin takunkumin yake. A baki yake aunawa, abin da duk jiki ya ci yake faɗa, ba ya ware rabon dantse daga na baya ko na tsokokin numfashi. Wanda ke son sanin abin da hannu kaɗai ya ci, sai ya koma ga ƙa'idar da Adolf Fick, Bajamushe, ya shimfiɗa a 1870: a auna yawan jinin da ke ratsa gaɓa, a auna oksijin da ke cikinsa da zai shiga da wanda ya rage da zai fita, bambancin shi ne abin da gaɓar ta cinye. Yin haka yana bukatar a zura siraran robobi cikin jijiyoyin jini, don haka ba kasafai ake yi ba. An yi wa ƙwararrun 'yan gudun kan ƙanƙara na Suwidin, waɗanda ke tura kansu da sanduna biyu kuma hannayensu sun sha horo shekara da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna ƙafafunsu na tatse sama da kashi 90 cikin 100 na oksijin da jini ya kawo, hannayensu kuma wajen kashi 85. Wato ko a jikin wanda ya fi kowa horar da shi, hannu bai kamo ƙafa wajen tatsar jini ba.

In aka ci gaba da ƙara nauyi har mutum ya saki feda, sai abu na biyu ya fito. Wanda bai horar da hannunsa ba, ƙololuwar oksijin da zai iya sha da hannu ba ta wuce wajen kashi 70 cikin 100 na abin da zai sha da ƙafa. Zuciya da huhu suna da saura, tsokar ce ƙarama, ta cika ta tsaya. Shi ya sa masana ba sa kiran wannan adadi iyakar ƙarfin mutum, sai dai su ce mafi yawan abin da ya kai a gwajin. Masu tuƙa kwalekwale na gasa da 'yan ninƙaya sukan rage wannan tazara sosai, alamar cewa horo na taɓa ta.

Abin da ya fi damuna a duk wannan batu shi ne bugun zuciya, domin shi ne ma'aunin da ya shiga hannun kowa. A ce mutum yana shan lita 1 ta oksijin a minti da ƙafa, gobe kuma ya sha lita 1 ɗin da hannu. Abin da ya ƙone ɗaya ne, amma a rana ta biyu zuciyarsa za ta fi sauri, jininsa kuma zai fi hawa. Dalili shi ne, manyan tsokokin ƙafa idan suna motsi suna matsa jijiyoyi su koro jini sama zuwa zuciya, kamar famfo na biyu. Mai aiki da hannu ƙafafunsa na zaune, jini ya taru a ƙasa, abin da ke dawo wa zuciya ya ragu. Kowane bugu sai ya fitar da kaɗan, dole ta ƙara yawan bugun don ta cike giɓi. Ga shi kuma hanyoyin jinin hannu ba su kai na ƙafa yawa da faɗi ba, sauran jijiyoyin jiki sun tsuke, sai zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. In aka ɗaga hannun sama da kai, abin ya ƙara tsanani.

Agogon hannu da ke lissafa kalori daga bugun zuciya bai san duk wannan ba. Ya ga bugu ya hau, sai ya ɗauka gudu ake yi, ya rubuta adadi mai tsoka. Ƙari a kan haka, da ɗan koren haske yake leƙa jinin da ke ƙarƙashin fata, kuma idan wuyan hannu na lanƙwasawa ko yatsu sun damƙe ƙarfe, karatun kan rikice. Ɗamarar ƙirji ta fi shi gaskiya wajen ƙirga bugun, amma ita ma ba ta raba shi da kuskuren fassara. Wannan ya wuce maganar kalori. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, likitoci sun daɗe da sanin cewa kwashe ta da shebur na jawo wa masu ciwon zuciya tsayawar zuciya farat ɗaya: aikin hannu ne mai nauyi, ana yinsa a tsaye cikin sanyi, sau da yawa ana riƙe numfashi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya da likita ya ba shi iyakar bugu bayan gwajin ƙafa, bai kamata ya ɗauka cewa sara da gatari ko ɗaga buhu za su yi masa sauƙi kamar tafiya ba.

Akwai kuma aikin da takunkumi ba ya gani sam. A gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Landan a 2012, Najeriya ta ci zinare 6, kuma dukansu a ɗaga ƙarfe aka samo su, inda ɗan wasa ke kwanciya rigingine a benci ya sauke ƙarfe zuwa ƙirji ya tura shi sama. Duk abin daƙiƙoƙi kaɗan ne. A irin wannan ɗan lokaci tsoka ba ta jiran oksijin. Tana da wani ɗan ajiya na gaggawa, sinadarin fosfokiratin, wanda ke ba da ƙarfi nan take kuma ya kusa ƙarewa cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 na aiki tuƙuru. Sai bayan an ajiye ƙarfen jiki ke biyan bashin da numfashi. Rabin ajiyar kan dawo cikin kusan rabin minti, kusan dukanta cikin minti 3 zuwa 5. Daga nan ne dogon hutun da masu ɗaga ƙarfe ke yi tsakanin zagaye ya samo asali. Mai son auna kuzarin irin wannan atisaye dole ya bar takunkumin a fuska har bayan an gama, kuma duk da haka ƙiyasi zai samu.

To, gajiya fa? Masana sun ba ta ma'ana mai kaifi: raguwar mafi girman ƙarfin da tsoka za ta iya fitarwa, sakamakon aikin da ta yi. A bisa wannan ma'ana gajiya na farawa tun kafin a kasa. Mai ɗauke da bokiti yana iya ci gaba da tafiya, amma da za a tsayar da shi a gwada iyakar damƙarsa, za a tarar ta riga ta sauka.

Nan kuma hannu ne ya riga ƙafa shiga ɗakin gwaji. A ƙarshen ƙarni na 19, a birnin Turin na Italiya, Angelo Mosso ya ƙera wata na'ura da ke ɗaure dantse a kan allo, a bar yatsan tsakiya kaɗai yana jan igiya mai ɗauke da nauyi, wani alƙalami kuma yana zana tsayin kowane ja a jikin ganga mai juyawa da aka shafa wa baƙin hayaƙi. Layukan sukan fara da tsayi, su yi ta gajarcewa har su ɓace. Mosso ya lura kowane mutum yana da siffar zanensa, wani ƙarfinsa na zubewa a hankali, wani ya riƙe har ƙarshe sannan ya faɗi gaba ɗaya. Ya kuma ga zanen malamai 'yan uwansa yana canzawa bayan sun wuni suna yi wa ɗalibai jarrabawa, alhali yatsan bai yi aikin komai ba. Tun daga lokacin tambaya ta tashi: gajiyar a tsoka take, ko a ƙwaƙwalwar da ke ba ta umarni?

A 1954 Patrick Merton, a Ingila, ya sami hanyar raba gardama. Ya sa mutum ya matse da babban yatsa iyakar ƙarfinsa, yana cikin matsewar sai ya aika ɗan lantarki ta jijiyar da ke wuyan hannu. In ƙarfin ya ɗan yi tsalle, ashe akwai sauran tsoka da ƙwaƙwalwa ba ta kira ba. In bai motsa ba, an kira kowa, tsokar ce ta gaza. A wannan ƙaramar tsoka Merton ya tarar laifin na tsoka ne. Ya kuma nuna cewa in aka ɗaure hannu aka hana jini shiga, ƙarfin ba ya dawowa ko an huta, sai an kwance. Binciken baya ya nuna cewa a dogon aiki ƙwaƙwalwa ma tana rage umarninta, saboda haka gajiya gida biyu gare ta, kuma rabon kowanne ya danganta da irin aikin.

Batun jini ne ke warware mana mai fenti. Tsoka idan ta ɗaure ba ta saki ba, tana matse hanyoyin jinin da ke cikinta, ta toshe wa kanta abinci. Wani Bajamushe masanin lafiyar ma'aikata, Walter Rohmert, ya zana dangantakar a 1960. Cikakken ƙarfi ba ya wuce daƙiƙoƙi. Rabin ƙarfi, wajen minti 1. Ƙasa da kashi 15 cikin 100 kuwa ana iya daɗewa, ko da yake daga baya an gano wannan ma yana gajiyarwa in ya yi tsawo. Hannun babban mutum yana da nauyin kilo 3 zuwa 4, kuma idan an miƙe shi, ƙananan tsokokin kafaɗa ne ke ɗauke da shi ba tare da sun sami sararin saki ba. Kalorin da suke ƙonawa kaɗan ne ƙwarai, amma gajiyar mai tsanani ce. A daka kuwa akwai ɗaurewa da saki, jini na samun kafar wucewa tsakanin bugu da bugu, shi ya sa ake iya daɗewa a bakin turmi fiye da riƙe taɓaryar a sama cak.

Na'urar da aka fi amfani da ita yau wajen leƙa gajiya ita ce mai sauraren lantarkin tsoka. Ana manna ƙananan faifai a fata bisa ƙwanji ko bayan dantse ko kafaɗa. In mutum ya riƙe nauyi ɗaya bai canza ba, abu biyu ke faruwa. Girman siginar yana hawa, saboda zaruruwan da suka fara aikin sun raunana, ƙwaƙwalwa na ta kiran ƙarin ma'aikata. Saurin kaɗawarta kuma yana sauka, saboda saƙon lantarki ya fara tafiyar hawainiya a jikin zaren da ya gaji. Haɗuwar waɗannan biyu kan bayyana tun kafin hannu ya fara rawa. Sai dai na'urar tana da saurin ruɗewa: gumi, kaurin kitse, zamewar faifai yayin da tsoka ke motsi a ƙarƙashin fata, da hayaniyar tsokar maƙwabta, duk suna shiga karatun. Kuma lantarki take ji, ba ta auna kalori.

Sai maganar tsami. Mu kan ce jiki ya yi tsami, kuma an daɗe ana koyar da cewa wani sinadari ɗan uwan wanda ke tsamar da nono, wato laktet, shi ke taruwa a tsoka ya gajiyar da ita, ya kuma sa ta ciwo washegari. Gaskiya ne aikin hannu yana tara laktet a jini da wuri fiye da aikin ƙafa mai nauyi ɗaya, kuma ɗigon jini daga fatar kunne ya isa a auna shi. Amma ɗora masa dukan laifi kuskure ne, kuma dantse ne ya taimaka aka gane haka. A 1951 wani likita a Landan, Brian McArdle, ya bayyana wani majinyaci da tsokarsa ke gajiya da ɗaurewa da ɗan aiki kaɗan. Da aka ɗaure masa hannu aka sa shi motsa dantse, laktet bai hau a jininsa ba ko kaɗan, domin tsokarsa ba ta iya fasa sitacin da ta ajiye. A 1981, a Okasfod, aka sa dantsen mai irin wannan cuta cikin na'urar maganaɗisu da ke karanta sinadaran tsoka ba tare da an yanka ba. Dantse aka fara da shi a irin wannan bincike saboda ramin na'urorin farko bai ɗaukar abin da ya fi shi kauri. An ga tsokar ba ta yi tsami ba, amma ga gajiya. Yau an fi karkata ga cewa tarin fosfet da ke fitowa daga fasa ajiyar gaggawa, da rikicewar gishirin fotasiyam a bangon zaren tsoka, da raguwar kalsiyam da ke kunna ta, su ne manyan masu laifi. Laktet kuwa jiki na mayar da shi abinci, kuma cikin awa guda ko makamancin haka ya bar jini. Tsamin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu daga ƙananan raunuka ne a zaruruwan tsoka, musamman wajen sauke nauyi a hankali.

A nan akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Wanda bai saba ba, ya shiga gidan motsa jiki ya yi wa hannunsa lodi fiye da kima, in ya wayi gari dantse ya kumbura, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, fitsari kuma ya koma kalar baƙin shayi, wannan ya wuce tsamin jiki. Tsoka ce ke narkewa cikin jini, kuma tana iya taɓa ƙoda. Asibiti za a nufa a ranar.

Wata na'urar kuma da haske take aiki. Frans Jöbsis ya nuna a 1977 cewa hasken da ke gaba kaɗan da ja, wanda ido ba ya gani, yana ratsa nama, kuma jini mai oksijin da marar shi ba sa shanye shi daidai. Yanzu akwai 'yan ƙananan akwatuna da ake ɗaurawa a dantse, su nuna yadda oksijin ke raguwa a tsokar da ke ƙarƙashinsu. In aka hura ɗamara a sama aka tsayar da jini na ɗan lokaci, saurin faɗuwar oksijin yana nuna abin da wannan tsoka kaɗai ke ci, abin da takunkumi ya kasa. Zurfin da take gani bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, kitse na dusashe ta, kuma launin baƙar fata yana shanye wani ɓangare na hasken. Duk wanda zai yi amfani da ita a kanmu ya kamata ya tambaya ko an daidaita ta da irin fatarmu.

Bayan duk waɗannan, ma'aunin da ya fi arha har yanzu yana da kujerarsa a ɗakin gwaji, wato a tambayi mutum. Gunnar Borg na Suwidin ya tsara sikeli daga 6 zuwa 20, inda 6 ke nufin zama kawai, 20 kuma iyakar wahala. A gwajin hannu akan yi tambayar sau biyu, yaya hannu, yaya kuma numfashi, kuma kusan kullum lambar hannu ce ke gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su wa wannan ilimi ya fi shafa? Waɗanda hannu ne ƙafarsu. Ranar 29 ga Yulin 1948, likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin baka ga majinyata 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, abin da ya girma ya zama gasar nakasassu ta Rum a 1960. Bukatar horar da irin waɗannan 'yan wasa da kula da lafiyar masu zaman keken guragu ita ce ta tura binciken hannu gaba. A nan aka gano cewa tura ƙafar keke da tafin hannu aiki ne mai asara ƙwarai: sau da yawa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na abin da aka ƙone ne ke zama tafiya, alhali mai tuƙa keke da ƙafa na samun kashi 20 ko fiye. Hannu na turawa na ɗan lokaci, ya saki, ya komo fanko, ya sake kamo ƙarfen da ke gudu. Kafaɗa ce ke shan wahalar, kuma ciwonta ya zama ruwan dare ga waɗanda suka daɗe a keke. An kuma gano cewa wanda lakarsa ta yanke a wuya ko can saman ƙirji, zuciyarsa ba ta cika wuce bugu 120 zuwa 130 a minti ba komai wahalar aiki, gumi ma ba ya fita yadda ya kamata. A wurinsa bugun zuciya ba ya nuna wahalar da yake sha, sai a dogara da sikelin Borg da wat ɗin da yake fitarwa.

Keken da ake murzawa da feda ya fi na turawa riba, domin hannu na aiki a duk zagayen, yana turawa yana ja, tsokoki da yawa na raba nauyin. Irinsa ne keken guragu mai ƙafa uku da maƙera ke haɗawa a garuruwanmu, wanda dubban waɗanda shan inna ta taɓa ke hawa. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shafa suna nan, suna murza feda a rana, a yashi, a kan hanya mai hawa. Abin da aka koya a ɗakin gwaji ya shafe su kai tsaye. Fedan da aka kafa sama da kafaɗa yana jawo irin gajiyar mai fenti, ya kuma ƙara wa zuciya nauyi. Kujera marar majingina tana tilasta wa ciki da baya su yi ɓoyayyen aikin nan mai cin oksijin. Giyar keke mai tauri tana sa kowace murzawa ta ci babban kaso na ƙarfin hannu, ta matse jini, yayin da mai laushi ke barin a murza da sauri a daɗe. Tayar da ba ta da iska sosai tana ƙara wat ɗin da ake bukata a kowane taku.

Kuma ana iya gwada waɗannan ba tare da takunkumi ba. A zaɓi hanya mai tsawon da aka sani, mutum ya bi ta da saurin da ya saba, a ɗauki lokaci, a ƙirga bugun zuciyarsa yana hutawa da kuma da zarar ya tsaya, a tambaye shi lambar hannu da ta numfashi. In akwai ma'aunin damƙa irin na masu gashin ƙashi, a gwada kafin tafiya da bayanta. Sai a sauke fedan, ko a sa majingina, ko a canza giya, a bari ya huta kwana guda, a sake bin hanyar a lokaci irin na jiya. Tunda mutum ɗaya ne, da hannu ɗaya, a hanya ɗaya, raguwar bugun zuciya a wannan karon tana nufin aikin ya yi masa sauƙi da gaske.